Daddawar Teku

Kalwa ɗanya ba abin ci ba ce. Yaro zai fasa ɗorawa ya tsotse garin tas, ya tofar da ƙwayar, domin haƙori ba ya kama ta, ciki ma ba ya maraba da ita. Sai ta faɗa hannun mai daddawa take zama dukiya. Matar za ta ɗora tukunya tun da yamma, ta yi ta iza wuta tana ƙara ruwa, wani lokaci har gari ya waye kalwar na kan murhu. In ta yi laushi sai a juye ta a turmi, a barbaɗa toka ko yashi, a surfa har baƙin ɓawon nan ya saɓule. A kai bakin rijiya a wanke, a rege, ɓawo ya taso ya tafi, ƙwaya ta kwanta. A sake mayar da ita wuta na ɗan lokaci, a tsane, sannan a juye ta da zafinta cikin ƙwarya ko kwandon da aka shimfiɗa wa ganye, a rufe da wani ganyen, a lulluɓe da buhu da tsummoki, a tura lungun ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Daga nan hannun matar ya fita. Kwana biyu, kwana uku, ba ta taɓa komai.

A kwanakin nan ne kuwa ake yin ainihin daddawar. Wanda ya cusa hannu ƙarƙashin buhun a rana ta biyu zai ji ɗumi, alhali wuta ta daɗe da mutuwa. Ranar buɗewa za a tarar ƙwayar ta yi duhu, ta yi taushi, yauƙi ya haɗe ta, warin kuma ya riga ya sanar da maƙwabta. Masu wannan aiki halittu ne da ido ba ya gani, wato bakteriya. Tun a 1981 masanin nan S. A. Odunfa na Jami'ar Ibadan ya nuna cewa wadda ke jan ragamar aikin ita ce wadda ake kira Bacillus subtilis. Tana da wata dabara: idan zafi ya tsananta sai ta dunƙule cikin kwanso mai tauri, ta jira. Tafasa ta biyu tana kashe galibin ƙwayoyin da za su ɓata aikin, ita kuwa, da wadda ta tsira da wadda ke maƙale a jikin ganye da ƙwarya, sai ta samu fili ita kaɗai. Tana fitar da wasu sinadarai masu datsa abinci, enzayim ake ce musu, su yayyanka furotin na kalwa ƙanana-ƙanana. Ɗaya daga cikin gutsattsarin nan shi ne gulutamet, kuma shi harshe ke ji ya ce miya ta yi daɗi.

Na kawo wannan ne domin akwai wani aiki da masana kimiyya ke yi yau a Amurka da Koriya ta Kudu da Jamus, wanda in aka faɗe shi da manyan kalmomi sai mutum ya ɗauka ba zai taɓa gane shi ba. Suna gyara bakteriya domin ta ci ciyawar teku ta fitar da abubuwa masu tsada. Duk wanda ya san yadda kalwa ke zama daddawa ya riga ya fahimci rabin zancen.

Teku ma tana da tata kalwar, kuma tana da ita da yawa. Ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna ana samar da ciyawar teku wajen tan miliyan 35 a shekara, kusan dukanta nomawa ake yi a kan igiyoyi cikin ruwa, Chaina da Indunusiya ne kuma kan gaba. Ciyawar iri uku ce, koriya da ja da mai ruwan ƙasa. A cikin masu ruwan ƙasa akwai wata ƙatuwa a gaɓar Kaliforniya da Chile wadda kan ƙara tsawon da ya kai santimita 60 a rana guda idan yanayi ya yi mata daɗi. Ba a share mata gona, ba a yi mata ban ruwa, ba a saya mata buhun taki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna da me masana'antun bakteriya ke ci a yanzu.

Farin magin da ke kan teburin kowane mai kayan miya shi ne misali mafi kusa, kuma asalinsa daga ciyawar teku yake. A 1908 wani malamin kimiyyar sinadarai a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tsaya kan tambayar abin da ke sa romon kombu daɗi. Kombu ciyawar teku ce mai ruwan ƙasa da Japanawa ke busarwa su jefa a tukunya. Ya tace, ya sake tacewa, har ya ware sinadarin, sai ga shi gulutamet ne, wanda matan Katsina da Maraɗi suka daɗe suna samarwa a ƙarƙashin buhu. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Amma ba daga kombu aka ci gaba da yin sa ba, domin ba zai wadatar ba. A 1956 Shukuo Kinoshita da abokan aikinsa a kamfanin Kyowa Hakko suka samo wata bakteriyar ƙasa, Corynebacterium glutamicum, wadda in aka ba ta sukari sai ta yi ta zubar da gulutamet. Tun daga lokacin, a manyan tankuna ake yin farin magi, ana ciyar da bakteriyar da sukarin rake ko na rogo ko na masara. Haka ake yin magunguna da dama, da sinadaran abincin kaji, da itanol ɗin da ake gauraya wa fetur. A Amurka wajen kashi ɗaya cikin uku na masarar da ake nomawa itanol ake yi da ita. Wato tankin masana'anta da tukunyar gida daga rumbu ɗaya suke ɗiba, kuma idan hatsi ya yi tsada kowa ya san wanda ke kwana da yunwa. Shi ya sa ido ya koma kan teku.

To me ya hana? Abin da ya hana yaro cin kalwa. Sukari na nan jibge a jikin ciyawar, sai dai irin da ma'aikatan cikin tankin ba su saba da shi ba. A mai ruwan ƙasa akwai manyan iri uku: laminarin, da manitol, da aljinet. Na farkon bai da wahala, dangin gulukos ne. Aljinet shi ne ƙashin bayan ciyawar, shi ke ba ta santsi da danƙo, yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na busasshiyarta, kuma yis ɗin burodi da bakteriyar E. coli, waɗanda su ne ma'aikatan da masana'antu suka fi sani, ba sa iya taɓa shi. An san aljinet tun 1881, lokacin da wani Bature ɗan Birtaniya, E. C. C. Stanford, ya ware shi, kuma da shi likitan haƙori ke ɗaukar siffar baki, da shi ake yin wani maganin ƙwannafi da wasu bandejin miki. Ana amfani da shi yadda yake, amma mayar da shi wani abu dabam ya gagara.

Wannan taurin kan na sukarin teku har amfani ya yi wa likitanci. Duk wanda aka taɓa karɓar fitsarinsa ko jininsa a asibiti aka ce ya dawo bayan kwana uku, a kan wani abu mai kama da daskararren kunu aka shuka samfurin nasa, agar ake kiransa, daga jar ciyawar teku ake samo shi. Wata mata, Fanny Hesse, ita ta ba mijinta shawarar gwada shi a 1881, lokacin yana aiki tare da Robert Koch a Jamus. Dalilin da ya sa ya karɓu shi ne galibin bakteriya na iya zama a kansa su hayayyafa, ba tare da sun iya cinye shi ba.

An taɓa gwada hanyar mai daddawa kai tsaye. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanin Hercules ya kafa wata babbar masana'anta a Chula Vista kusa da San Diego. Jiragen ruwa na yanko ƙatuwar ciyawar nan, a niƙa, a zuba a manyan tankunan katako, a bar ƙwayoyin da suka zo tare da ita su ruɓar da ita. Daga ruwan ake fitar da asiton da fotash domin haɗa albarushi. Aikin ya yi, amma yaƙi ne ya riƙe farashinsa. Da aka ajiye makamai sai masana'antar ta rufe.

Sabon babi ya buɗe ne a watan Janairun 2012, lokacin da mujallar Science ta buga aikin wani ƙaramin kamfani a Berkeley ta Kaliforniya mai suna Bio Architecture Lab, ƙarƙashin jagorancin Yasuo Yoshikuni. Tunaninsu mai sauƙi ne. Ciyawar teku ba ta taruwa har abada a ƙarƙashin ruwa, ashe akwai mai cinye ta. Suka nemo mai cin, wata bakteriyar teku da ake kira Vibrio splendidus, suka binciko inda ilimin cin aljinet yake rubuce a cikin ƙwayoyin gadonta. Suka yanko wannan yanki na DNA, mai tsawon harafi dubu 36, suka dasa shi a jikin E. coli.

A nan ne matakan daddawa ke taimaka wa fahimta, domin aikin hawa-hawa ne, kuma in hawa ɗaya ya faɗi sauran sun tashi a banza. Aljinet doguwar sarƙa ce, ba ta shiga cikin bakteriya yadda take, kamar yadda kalwa mai ɓawo ba ta ruɓa ta zama daddawa. Dole a fara sarrafa ta daga waje. Dahuwa da surfe su ne na matar, su kuma masanan suka aro wani enzayim mai datsa aljinet daga wata bakteriyar tekun dabam, Pseudoalteromonas, suka shirya E. coli yadda za ta riƙa turo shi waje yana yayyanka sarƙar. Hawa na biyu shi ne shigar da gutsattsarin ciki, kuma wannan ne ya fi ba su wahala, domin kafin su ba wanda ya tantance ƙofofin da Vibrio ke shigar da su. Yankin DNA ɗin nan shi ya kawo ƙofofin, ya kuma kawo enzayim ɗin da ke ƙarasa narkar da su a ciki. Hawa na ƙarshe shi ne abin da za a fitar. Suka ɗauko ƙwayoyin gado biyu daga bakteriyar Zymomonas mobilis, wadda ta ƙware wajen yin itanol, suka toshe wasu hanyoyin da E. coli ke bi ta ɓarnatar da sukari. Halitta ɗaya, da aron ilimi daga halittu uku.

Suka niƙa busasshen kombu, suka zuba ruwa, suka saka bakteriyar, ba tare da sun dafa shi da asid ko wani zafi mai tsanani ba. Ruwan ya fito da itanol kashi 4.7 cikin ɗari. Kowane kilo na busasshiyar ciyawa ya ba da gram 281, wajen kashi 80 cikin ɗari na iyakar abin da lissafi ya ce sukarin zai iya bayarwa. Akwai wani abu mai ban sha'awa da ya taimaka. Manitol shi kaɗai yana barin wani rarar sinadari a cikin bakteriya wanda ke shaƙe ta idan babu iska, aljinet kuwa wannan sinadarin yake buƙata kafin ya narke. Da aka ci su tare sai ɗaya ya share wa ɗaya hanya. Allah ya riga ya haɗa su a jikin ciyawa guda. Bayan shekara biyu kamfanin ya sake buga wani aikin a mujallar Nature, inda ya koya wa yis ɗin burodi cin waɗannan sukari, da taimakon wata ƙofa da aka samo daga wani naman gwari na teku.

Na san akwai mai karatun da gabansa ya faɗi tun da ya ji an yanko gado daga wata halitta an dasa a wata. Ba laifi ba ne mutum ya yi tambaya, musamman yanzu da ake ta muhawara a Najeriya kan waken da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar a 2019 da masarar TELA da ta biyo baya. Sai dai abubuwa biyu ya kamata a sa a ma'auni. Na farko, su bakteriya sun daɗe suna musayar gado a tsakaninsu ba tare da sa hannun ɗan Adam ba. A 2010 masu bincike a tashar nazarin teku ta Roscoff a Faransa suka gano cewa wata bakteriya da ke zaune a hanjin wasu Japanawa, Bacteroides plebeius, tana ɗauke da ƙwayoyin gadon narkar da jar ciyawar da suke naɗe shinkafa da ita, kuma daga bakteriyar teku ta samo su. Mutanen Amurka ta Arewa da aka gwada a wancan binciken ba a ga wannan a hanjinsu ba. Na biyu, bakteriyar masana'anta ba a gona ake sakinta ba, a rufaffen tankin ƙarfe take rayuwa, abin da ta samar ake tacewa, ita kuma a kashe ta da tururi. Tun 1982 ake yi wa masu ciwon sukari allurar insulin da E. coli mai ɗauke da gadon ɗan Adam ta samar, kafin nan daga jikin shanu da aladu ake tatso shi. A ganina tsoron da ya dace a nan shi ne na sakaci: tanki ya yoyo, ko a zubar da ruwan datti ba a kashe abin da ke ciki ba. Wannan kuwa aikin doka ne da masu sa ido waɗanda ba a saye su.

Masanan Koriya ta Kudu sun bi ta wata hanyar, wadda ta fi kusa da hikimar mai daddawa. Ita ba ta ɗauko baƙuwar ƙwaya ta koya mata cin kalwa ba, wadda ta riga ta iya take shirya wa wuri. A 2019 ƙungiyar Gyoo Yeol Jung ta jami'ar kimiyya da fasaha ta Pohang, tare da Sang Woo Seo na Jami'ar Ƙasa ta Seoul, suka sanar da wata bakteriyar teku da suka sa wa suna Vibrio sp. dhg. Tun fil azal tana cin aljinet da sauri, gishiri bai dame ta ba, kuma tana ninka kanta da gaggawar da ta wuce ta E. coli. Abin da ya rage shi ne a koya mata me za ta fitar. Suka sa ta yi itanol, suka sa ta yi wani sinadarin masana'anta da ake kira butandayol, suka kuma sa ta yi laikofin, jan launin nan na tumatir da ake sakawa a abinci da ƙwayoyin ƙarin lafiya. Mutum ya tsaya ya yi tunani: ciyawa mai ruwan ƙasa ta shiga kwalba, jan tumatir ya fito.

A Jami'ar Saarland ta Jamus kuma, ƙungiyar Christoph Wittmann ta koma kan tsohuwar ma'aikaciyar farin magi, Corynebacterium glutamicum, ta gyara ta yadda za ta ci manitol ta fitar da laisin. Sun buga wannan a 2018. Duk mai kiwon kaji da ke haɗa abincinsa da kansa ya san laisin, ɗan garin nan da ake auna wa da cokali a zuba cikin buhunan masara da waken suya, in babu shi kaza ba ta yin nama yadda ya kamata. Miliyoyin tan ake yi a duniya duk shekara, kusan duka daga sukarin gona.

Duk da haka, shekaru sun shige goma da aikin Berkeley, kuma babu gidan man da ke sayar da fetur ɗin ciyawar teku. Dalilan ba a ɓoye suke ba. Ɗanyar ciyawa kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ruwa ce, mai ɗaukar tan goma zuwa masana'anta ruwan gishiri ya fi yi wa dako. In an ce a busar, rana ko wuta ake buƙata, in an bar ta kuma cikin 'yan kwanaki ta fara lalacewa. Gishirinta na cin ƙarfen tanki. Yawan sukarinta na hawa da sauka da yanayin shekara, abin da aka girba a wannan wata ba shi ne na wata shida masu zuwa ba. Sannan ciyawar da ake nomawa tana da masu saye tun tuni, masu ci da masu tatsar aljinet da agar, kuma kuɗin da suke biya ya fi ƙarfin mai son yin man mota. Ana cikin haka farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 50 a farkon 2015, masu zuba jari suka janye hannu daga irin waɗannan ayyuka.

Nan ma mai daddawa ta riga su gane lissafin. Daddawa ba tuwo ba ce. Ba wanda ke cin malmala guda, ɗan ƙulli ɗaya ya ishi tukunyar gidan mutum goma. Da a ce kalwa za a mayar abin cika ciki, da itacen da aka ƙona da kwanakin da aka ɓata ba za su taɓa fita ba. Wahalar tana biya ne saboda abin da ke fitowa kaɗan ne mai daraja. Man mota shi ne tuwon masana'anta, ana son sa da yawa kuma da arha. Laikofin da magunguna da sinadaran kayan shafa su ne daddawarta, ana sayar da su da gram ko kilo. Ra'ayina shi ne nan ne makomar wannan ilimi take, aƙalla a shekarun da ke gabanmu, kuma hanya mafi hankali ita ce a tatsi ciyawar hawa-hawa: a fara cire abin da ake sayarwa yadda yake, irin su aljinet da launukanta, a ba bakteriya sukarin da ya rage, tuƙar kuma ta tafi taki.

Ko a kan abu mai tsada ma bai kamata a yi saurin guɗa ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau, tushensa atemisinin ne, daga ganyen wani tsiro ɗan asalin Chaina. Ƙungiyar Jay Keasling a Berkeley ta shafe shekaru tana gyara yis har ya iya samar da mafarin sinadarin, kamfanin Sanofi ya fara yin sa a masana'anta a 2013, duniya ta yi ta yabo. Sai manoman ganyen suka samu yabanya, farashi ya faɗi, na tankin ya kasa gogayya, har kamfanin ya sayar da masana'antar tasa ta Italiya bayan 'yan shekaru. Ilimin bai yi ƙarya ba, kasuwa ce ta ƙi.

Akwai wurin da kwatancen daddawa ya tsaya, kuma wurin ne ya fi damuna. Bakteriyar da ke ƙarƙashin buhu ba ta da mai ita. Matar da ta gaji sana'ar daga uwarta ba ta biyan kowa ladan ƙwaya, ribar sarrafawa kuma a hannunta take tsayawa, a ƙauyen da ɗorawar ta fito. Bakteriyar da aka gyara kuwa tana da takardar mallaka, tana kulle a firizar kamfani ko jami'a, ko da gadon da ke jikinta daga teku aka ɗebo shi, tekun da ba gonar uban kowa ba. Saboda irin wannan aka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a 2010, aka kuma amince da wata kan tekun da ba na kowace ƙasa ba a 2023, domin a riƙa raba amfanin gadon halittu. Rubuta yarjejeniya abu ne, kuɗi su isa hannun talaka wani abu ne dabam.

A dubi Zanzibar. Tun 1989 ake noman jar ciyawar teku a can domin sayarwa, manoman sun haura dubu ashirin, mafi yawansu mata. Idan ruwa ya janye sai su shiga da zannuwansu, su zauna cikin ruwa iya ƙugu, suna ɗaura 'yan rassan ciyawa a jikin igiyar da aka ja tsakanin turaku biyu, rana na dukan ka, gishiri na cin fata da ido. Bayan mako shida a girbe, a shanya, a ɗure a buhu, a sayar wa dillali da kilo a kan kuɗi ƙalilan. Buhunan su haye jirgi zuwa Turai da Amurka da Asiya, a can a tatso sinadarin karajinan da ke sa man goge baki da askirim kauri. Irin da ya fi kuɗi ma ɗumamar ruwa na kashe shi a bakin gaɓa. Masaniyar nan 'yar Tanzaniya, Dakta Flower Msuya, ta yi shekaru tana koya wa matan yin sabulu da man shafawa da garin ciyawar, don wani abu na ribar sarrafawa ya tsaya a gida. Idan gobe bakteriya ta ninka darajar ciyawar teku sau goma, amma tankin da ƙwayar suna wata nahiya, matan nan za su ci gaba da zama masu sayar da kalwa a mudu, wasu na cin ribar daddawa.

Mu ma a yammacin Afirka abin ya iso ƙofarmu, ba tare da mun gayyato shi ba. Tun 2011 wata ciyawa mai ruwan ƙasa da ke yawo a saman ruwa, sargasum, ta fara yaɗuwa a tsakiyar tekun Atlantika fiye da yadda aka saba. A watan Yunin 2018 hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna ta miƙe kilomita 8,850, daga gaɓar yammacin Afirka har mashigin Meziko, nauyinta ya haura tan miliyan 20. Tana tuɗaɗowa gaɓar Saliyo da yammacin Gana da Najeriya, ta cika ragar masunta maimakon kifi, ta naɗe farfelar injin kwalekwale, ta taru a bakin ruwa tana ruɓewa da warin ruɓaɓɓen ƙwai mai sa ciwon kai da sarƙewar numfashi. Wanda ke sayen bandar kifin teku a kasuwannin arewa, ko ɗan uwansa na dako a bakin ruwan Takoradi ko Legas, abin ya shafe shi. Ita ma tana da aljinet da manitol, kuma ba a noma ta, kwashewa kawai ake yi. Sai dai tana tara gubar asenik daga ruwan teku, don haka kada wani ya ga tulinta ya ɗiba ya ba dabbobi ko ya zuba a gonar kayan lambu ba tare da an auna ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa hanyar bakteriya ta dace da ita, domin a tanki ana iya raba abin da ake so da gubar.

A cikin kowane tulin sargasum da ke ruɓewa a gaɓarmu akwai bakteriyar da ke cin ta, waɗanda suka saba da zafin ruwanmu, kuma da irin wannan nema Koriyawa suka samo tasu. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853 da cibiyar binciken teku a Legas, Gana na da jami'o'i a Legon da Cape Coast, ɗalibanmu na nazarin ƙananan halittu kuma suna fitowa duk shekara daga Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai, da yawansu ba su taɓa samun aikin da ya dace da karatunsu ba. Kirana ga gwamnatocin waɗannan ƙasashe da hukumomin da ke ba da kuɗin bincike shi ne su tura matasan nan bakin ruwa da kwalabe, su ɗebo, su ware ƙwayoyin, su karanta gadonsu, su yi musu rajista da sunan ƙasashenmu tun kafin wani ya zo ya yi. Ba sai an fara da gina masana'anta ba. A saya musu firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, a kuma haɗa mata wutar da ba ta ɗaukewa.